Kafin mu ce mai hoto ya ɓata mana kala



Duk lokacin da aka fito daga hidimar Sallah ko kakar bukukuwa, akwai koke iri uku da ba sa rasa zuwa gaban shugabannin ƙungiya. Na farko, masu biki su riƙe wa mai hoto cikon kuɗinsa, su ce ankon da suka fitar ruwan malmo ne amma a albam ya koma shuɗi. Na biyu, 'yar uwa ta sayi atamfa ko leshi a wurin 'yar uwarta ta hoton da ta gani a WhatsApp, kaya su iso, ta ce ba wannan kalar ta zaɓa ba, daga nan gaisuwa ta yanke. Na uku ba a cika kawo shi a fili ba, amma muna jin sa: amarya wankan tarwaɗa ta fito a hoto fara sol, har dangin ango da ba su halarci biki ba su ga wata daban ranar da suka zo ganin ɗaki.

Ra'ayinmu shi ne, a maganar launi, hoto ba shaida ba ne da za a yanke wa mutum hukunci da shi kai tsaye. Amma wannan bai wanke kowa ba, domin akwai canjin kala da na'ura ke yi ba da nufin kowa ba, akwai kuma wanda mutum ke yi da hannunsa yana sane. Idan muka iya raba biyun, mafi yawan rigingimun nan ba za su kai ga zaman sulhu ba.

Gilashi ma yana da kalarsa

Duk wanda ke da tagar luba a gida, ya dubi gilashin ta gefen kaifinsa. Zai ga kore ne, alhali idan ya duba ta fuska sai ya ga kamar ba shi da launi. Burbushin ƙarfen da ke cikin yashin da aka narka shi ne ya ba shi wannan koren. Masu sana'ar gilashi na unguwar Masaga a Bida sun san wannan tun kafin kyamara ta zo ƙasar nan: kalar munduwa ko dutsen wuya tana bin irin gilashin da aka narka da abin da aka haɗa masa.

Abin da muke kira idon kyamara tarin gilasai ne a jere, wani bayan wani. A manyan kyamarori na masu ɗaukar biki za a iya samun fiye da goma a cikin ido ɗaya. A waya yawanci biyar zuwa bakwai ne, kuma akasarinsu na roba ne mai haske. Kowane ɗaya yana shanye wani abu daga hasken da ya ratsa shi, kuma ba ya shanye dukkan launuka daidai wa daida. Akwai irin gilashin da ya fi cin shuɗi, sai hoton ya karkata zuwa ruwan ɗorawa. Wani kuma hotonsa ya fi karkata zuwa kore ko shuɗi.

Bayan haka, kowace fuskar gilashi da ba a yi wa shafe ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata. Ido mai gilasai 6 yana da fuska 12, ke nan kusan kashi 40 cikin 100 na hasken ba zai wuce kai tsaye ba, wani ya koma waje, wani ya yi ta yawo a ciki yana dusashe hoton. A 1935 wani masani a kamfanin Carl Zeiss na Jamus, Alexander Smakula, ya samar da hanyar yi wa gilashi wani siririn shafe da ke rage wannan asara. Shi ne ƙyallin nan mai kama da ruwan malmo ko kore da muke gani idan muka kalli idon kyamara ko tabarau ta gefe. Kowane kamfani da irin shafensa, kuma shafen yana da hannu a launin da zai wuce. Abin ya kai ga a 1983 hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ma'auni na musamman don auna yadda idon kyamara ke karkatar da launi. Akwai ma wasu idanun kyamara na shekarun 1960, irin su Super-Takumar mai milimita 50, da aka sa wa sinadarin toriyam a gilashinsu, waɗanda da suka tsufa sai suka rine suka koma ruwan ɗorawa.

Saboda haka idan masu hoto biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a ɗakin taro na Legbo Kutigi suka ɗauki amarya ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ba abin mamaki ba ne a ga ɗan bambanci a kalar mayafinta, ko da kyamarorinsu na kamfani ɗaya ne.

Akwai kuma matsalar bakan gizo. Tun 1666 Isaac Newton ya nuna cewa farin haske haɗakar launuka ne, kuma gilashi yana lanƙwasa kowane launi gwargwadonsa, shuɗi ya fi ja lanƙwasuwa. Sakamakon haka launukan ba sa sauka a wuri ɗaya cif. Shi ya sa a hoton hawan Sallah za mu ga gefen farar babbar riga ko rawani ya yi wani zare-zare ruwan malmo ko kore, musamman a can gefen hoton. Maganin da aka samo tun ƙarni na 18, wanda John Dollond ya yi wa rajista a Ingila a 1758, shi ne haɗa gilasai iri biyu don ɗaya ya gyara kuskuren ɗaya. Har yau wannan gyara na cikin abin da ke sa wani idon kyamara ya ninka wani a kuɗi.

Mu a Minna muna da ƙarin namu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ko'ina. A watannin Agusta da Satumba kuwa laima takan sa fumfuna ta tsiro a cikin idon kyamarar da aka ajiye a jaka a ɗaki mai danshi, har ta ci shafen. Waya kuma tana yini a hannun da ya taɓa man shafawa da miyar tuwo. Maiƙo ko ƙura a kan ido suna watsa haske, baƙi ya koma ruwan toka, ja ya koɗe. Da yawa daga cikin hotunan da ake cewa waya ta lalace, goge idon da ƙyalle mai laushi kawai suke buƙata.

Gilashi ne ƙaramin mai laifi

Adalci shi ne mu faɗa cewa a kyamarar zamani rabon gilashi a canjin kala shi ne mafi ƙanƙanta. Babban mai laifi haske ne.

Fiye da shekara dubu ke nan da Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ke nan launin da ake gani ya dogara da hasken da ya faɗa kan abin. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,700, haskensa ja-ja ne. Ranar tsaka tana wajen 5,500. Inuwa ƙarƙashin sararin sama tana haura 7,000, haskenta shuɗi-shuɗi ne. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana gyara wannan da kanta, shi ya sa farar takarda take zama fara a idonmu a ɗaki da waje. Kyamara kuwa kintace take yi, ta nemi abin da take zaton fari ne a wurin ta daidaita sauran a kansa.

Yanzu mu duba inda muke biki. Kanofi mai rufin ja ko shuɗi, rana tana ratsa shi tana zuba launinsa a kan kowa. Ɗakin taro mai fitilun ado masu juyawa kala-kala. Ƙwayayen lantarki masu araha da wasu launuka ba su cika a haskensu ba. A irin wannan wuri babu kyamarar da za ta fitar da anko yadda yake a shagon da aka saye shi a Kasuwar Kure, sai dai idan mai hoton ya zo da fitilarsa kuma an ba shi sarari ya yi aiki.

Bayan haske sai farantin da ke karɓarsa a cikin kyamara. Shi kansa ba ya gane launi, ƙarfin haske kawai yake aunawa. An lulluɓe shi da ƙananan tagogi, rabi kore, kwata ja, kwata shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya samu rajistarsa a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja. Kowane ɗigo launi ɗaya yake gani, sauran biyun lissafi ne ke cike su. Ruwan malmo da shuɗin baba mai duhu, irin na marinar Ƙofar Mata, suna cikin launukan da suka fi ba wa wannan lissafi wahala, shi ya sa anko mai irin wannan kala ya fi jawo gardama. Tsadar na'ura ma ba ta hana kuskure: a 2006 kyamarar Leica M8, wadda take cikin mafiya tsada a lokacin, ta riƙa mayar da baƙin yadin roba ruwan malmo, har sai da kamfanin ya raba wa masu ita gilashin tacewa da za su ɗaura a gaban ido.

A wayoyi masu ido biyu ko uku, kowane ido da nasa farantin. Da zarar an matso da hoto ko an faɗaɗa shi, waya takan sauya ido, kala ta ɗan motsa. Sannan WhatsApp ya matse hoton don ya rage cin data, kuma a wannan matsi bayanan launi sun fi na haske shan wahala. Daga ƙarshe mai saye ta buɗe shi a wayar da aka saita fuskarta ta riƙa ƙara wa launuka ƙarfi, ko ta bar maɓallin kare ido a kunne, wanda ke sa komai ya yi ɗorawa-ɗorawa. Masu tunawa za su tuna hoton rigar nan da ya karaɗe duniya a Fabrairun 2015, wasu na rantsuwa fara ce da ruwan gwal, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi. Idan miliyoyin mutane za su saɓa a kan hoto guda, bai kamata maƙwabta biyu a Limawa su daina gaisawa saboda turmi ɗaya ba.

Inda uzuri ya ƙare

Duk abin da muka lissafa uzuri ne ga wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Ba mafaka ba ne ga mai sayar da kaya da ta ɗauki hoton leshi, ta shiga manhajar gyara ta ƙara masa ƙarfin kala da sheƙi, ko ta sauko da hoton kamfani daga intanet alhali abin da ke hannunta kwaikwayonsa ne. Wannan algus ne, ko an yi shi da mudu ko da waya. Malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, amma idan kaya suka zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin karɓa ko mayarwa. A cinikin waya, hoto da bayanin da ke ƙarƙashinsa su ne siffantawar. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ita ma ta hana yaudarar mai saye da siffar da ba ta kayan ba.

Mun san amsar da wasu 'yan uwa masu sana'a za su bayar: kowa gyarawa yake yi, idan na sa hoton gaskiya ba za a tsaya a kan nawa ba. Akwai gaskiya a ciki, hoto mai ɗaukar ido ya fi saurin kawo tambaya. Amma kasuwarmu ƙarama ce. Masu saye a wurinki su ne matan da za ku haɗu a suna da Islamiyya da taron wata. A garin da kowa ya san kowa, daga Bosso zuwa Tunga, daga Kpakungu zuwa Maitumbi, wadda aka sani da cewa kayanta yadda suke a hoto haka suke a hannu ita ce za ta daɗe tana ciniki.

Masu hoto su ma suna da nasu haƙƙin a kanmu. Mukan nemi mafi araha, mu tsayar da shi a bayan taro, mu kunna masa fitilun ado, sannan mu nemi hoto irin na mujalla. Araha ba ta ado. Yawancin masu wannan sana'a a garin nan matasa ne da suka haɗa kayan aiki da kyar, da kyamara ta hannu da ido ɗaya ko biyu, kuma cikon da ake riƙewa shi ne kuɗin wankin albam da na mai taya su. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai hoton da ya karɓi kuɗin mutane ya kamata ya san yadda ake daidaita fari kafin a fara, ya tsabtace kayansa, ya adana su inda laima ba ta kai, kuma ya faɗa wa masu biki tun da wuri idan hasken wurin ba zai ba da abin da suke so ba.

Maganar fata

Wannan ita ce ta fi damunmu. Tun daga shekarun 1950, wuraren wankin hoto sun riƙa daidaita injinansu da wani kati na Kodak mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley. Fim ɗin kansa an tsara shi ne da farar fata a zuci. Binciken da Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ta wallafa a 2009 ya nuna cewa cikin abin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ke fitar da launuka masu duhu har da koken masu sayar da kayan katako da cakulan, waɗanda hotunan tallarsu ba sa bambanta kalolin kayansu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai ɗauke da mata masu fata iri-iri.

Yau na'ura ta gyaru sosai. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya shiga kasuwar Afirka da kyamarorin da aka saita don fuskar baƙar fata. Google ya fito da nasa gyaran a wayar Pixel 6 a 2021. Abin takaici, yanzu da na'ura ta koyi ganinmu yadda muke, mu ne muke roƙon a goge mu. Wayoyi da yawa suna zuwa da maɓallin ƙawata fuska a kunne, yana haskaka fata yana shafe ta. Masu hoto kuma suna cewa idan ba su ƙara wa amarya haske ba, ƙawayenta za su ce bai iya aiki ba.

Wani zai ce ai hoto ne kawai. Mu ba mu ɗauke shi haka ba. Yarinyar da ta taso tana ganin kowace amarya a albam fara, ta dubi madubi ta ga kanta baƙa, ta riga ta karɓi saƙon, kuma mai sayar da man bilicin yana nan bakin hanya yana jiran ta. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan mayukan da ke ɗauke da sinadarai masu cutar da fata da ƙoda. Ba ma cewa hoto ne kaɗai ya kawo wannan annoba, amma yana ƙara mata itace. Kuma albam tarihin gida ne. Jikokinmu suna da haƙƙin su ga kakarsu da fatar da Allah Ya ba ta.

Abin da muke ba da shawara

Za mu gabatar da waɗannan a taron wata mai zuwa domin mambobi su tattauna, su amince ko su gyara:

1. Mai sayar da yadi ko atamfa a zauren ƙungiya ta ɗauki hoton da hasken rana, a bakin ƙofa ko taga inda rana ba ta duka kai tsaye, ba da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Ta goge idon waya, ta kashe duk wata filta.

2. Ta ajiye farar takarda a gefen kayan ta fito a cikin hoton. Idan mai saye ta ga takardar ta yi shuɗi ko ɗorawa, ta san kayan ma sun karkata haka.

3. Ta rubuta sunan kalar da baki, ruwan hanta ne ko ruwan goro ko ruwan bula, kuma ta tura hoton a matsayin fayil ko ta zaɓi HD idan an zo maganar biyan kuɗi.

4. A yi sharaɗin mayarwa tun kafin a biya: kwana nawa, kuma wa zai biya kuɗin mai Keke. Kayan da aka yanka ko aka kai wa tela sun fita daga sharaɗin.

5. Anko mai yawa kada a tara kuɗinsa a kan hoto. A kawo ƙyalle a gani da ido, a waje.

6. Duk mai hoton da ƙungiya za ta ɗauka, a rubuta yarjejeniya: kuɗi, lokacin biya, da cewa ba a canza launin fatar kowa. A ba shi minti goma kafin taro ya gwada haske, a kashe fitilun ado lokacin hoton iyali.

7. Idan gardama ta taso a kan kala, kwamitin sulhu ya ga kayan da hoton tare a hasken rana, a wayoyi biyu aƙalla, kafin ya ce wani ya biya ko ya mayar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sayen sabuwar waya. Muna kuma roƙon matasanmu da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, da masu hoton da ke cikinmu, su ware rana ɗaya su nuna wa iyayenmu mata da ƙannenmu masu sana'a yadda ake waɗannan abubuwa a aikace, kowa da wayarsa a hannu.

Waɗanda ke riƙe da cikon wani mai hoto a yanzu, muna roƙon su sake duba albam ɗin da wannan bayani a zuci. Idan laifin kanofi ne da fitilun ado, a biya bawan Allah haƙƙinsa. Waɗanda kuma suka san sun gyara hoton kaya kafin su sayar, ƙofar mayar da kuɗi da neman afuwa a buɗe take, kuma ba sai an kai gaban kwamiti ba.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ƙara mana zumunci da riƙon amana.

Sakataren ƙungiya, Minna.